Gaisuwar da Ta Kusa Kashe Isaka

Taksin ya faɗa rami a fitowar unguwar Banifandou, kan Mushe Ɗahiru ya bugi rufin mota, hularsa ta zamo kan hancinsa. Zagi ya taso masa daga ciki, cikakke, da kai da ƙafafu, har da gurbin da za a saka kakan direban. Ya tare shi a bayan haƙora, ya juya shi a baki don ya ji daɗinsa, sannan ya haɗiye.

"Allah ya kiyaye hanya, ɗana," ya ce.

Direban ya dube shi ta madubi. Ya ga zanen Gobir a kumatu biyu, ya ga murmushi a tsakaninsu, ya rasa wanda zai gaskata. Ya rage gudu dai, don kowa ya san ba a wasa da dattijon da ke murmushi bayan an buga masa kai.

Mushe Ɗahiru, Mushe kuwa laƙabin malamin boko ne, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyar da falsafa a ajin ƙarshe na wata lise, wato babbar sakandare, a Yamai. Da ya ajiye aiki, tsofaffin ɗalibansa suka haɗa masa walima, da tanti da kujerun haya da rago. Akwai alƙali a cikinsu, akwai mai kantin magani, akwai wani babban jami'in kwastan da ya zo da kakinsa. Aka ce kowa ya tashi ya faɗi abin da ya riƙe daga Mushe. Alƙalin ya ce, "Ni ya ce kaina kabewa ce da aka manta a gona." Mai kantin magani ya ce, "Ni ya ce in tunani ruwa ne, nawa ba zai jiƙa tsinken sakace ba." Jami'in kwastan ya yi ta dariya har ya kasa faɗin nasa, sai da na kusa da shi ya faɗa masa. Ba wanda ya ambaci rai, ko 'yanci, ko adalci. Mushe ya yi dariya tare da su, ya ci namansa, ya koma gida ya kwanta yana kallon fanka tana juyi.

Ya daɗe yana koya wa yara cewa hali ba ƙashi ba ne da aka haifi mutum da shi, gini ne, tubali bisa tubali, kuma abin da aka gina ana iya rushe shi a sake wani. Washegarin walimar ya yanke shawarar gwada wannan magana a kan kansa, abin da malaman falsafa ba su cika yi ba, saboda yana ɓata darasi. Ya daina zagi. Ya daina gatse. Ya koyi cewa "madalla" a wuraren da dā yake cewa wani abu daban.

Matarsa, Hajiya Zuwera, ta yi murna a makon farko. A mako na biyu ta ce gidan ya koma kamar ɗakin jiran likita. Da safiyar nan kuwa, da ya ce zai je asibiti duba Isaka, ta ɗago kai daga shinkafar da take tsincewa.

"Malam, ka gaya masa tun daga ƙofa cewa ka tuba."

"Hajiya, nagartar da ke yi wa kanta shela ba nagarta ba ce."

"Mai shago ya sani. Liman ya sani. Mai kawo ruwa ma ka tsare shi a rana ka yi masa bayani. Isaka ne kaɗai shela ba ta kamata da shi ba?"

"Zai gani da idonsa."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji ta, ta koma kan shinkafarta.

Isaka Bazabarme ne, ɗan unguwar Goudel ta bakin kogi, tsohon sirbeyan na lisen, wato mai kaɗa ƙararrawa da tsare ƙofa da farautar 'yan tsallake katanga. Bagobiri da Bazabarme taubasai ne tun kaka da kakanni. Duk inda suka haɗu sai wannan ya ce wa wancan bawansa ne, ya aibata fuskarsa da abincinsa da garinsu, ya ɗauke masa hula ko goro, kuma wanda ya yi fushi shi ne ya ji kunya. Wasu suna yin wannan wasa sama-sama, kamar biyan haraji. Ɗahiru da Isaka sun ɗauke shi sana'a. Tun ranar da suka fara haɗuwa a ƙofar lise ba wanda ya taɓa jin kalma mai daɗi ta ratsa tsakaninsu. Ranar da Ɗahiru ya binne mahaifiyarsa, Isaka ne ya shiga kabarin ya karɓe ta, da ya fito yana kaɗe ƙasa ya ce masa a kunne, "Tsohuwa ta huta da kallon fuskarka." Wannan ce kaɗai ta'aziyyar da ta sa Ɗahiru ya iya cin abinci a ranar.

Tun da ya shiga gyaran hali Mushe bai taka Goudel ba. Ya ce wa kansa nisa ne, da tsadar taksi. Gaskiyar ita ce mai barin taba ba ya zama a shagon mai taba. Amma yanzu an kwantar da Isaka, ƙaba ta matsa masa, gobe da safe za a yi masa aiki. Mushe ya ga cewa wannan ita ce babbar jarrabawa, kuma mutumin da ya yi rayuwarsa yana ba wasu jarrabawa bai kamata ya gudu daga tasa ba.

Ya sauka a Kalley ya sayi tuffa da ayaba. Mai kayan ta faɗi kuɗin da a dā zai sa ya tambaye ta ko a jirgin sama kowace tuffa ta zo da kujerarta. Ya biya, ya yi mata addu'a. Ta bi shi da kallo kamar wadda ta yi asara.

A barandar asibiti wani dogon likita ya tare shi, ya rusuna har abin awon ƙirji ya kusa taɓa ƙasa.

"Mushe. Sadiƙ ne. Ajin da ke kusa da famfo."

"Sadiƙ. Madalla, madalla."

"Ni ne ka ce in na zama likita za ka koma wurin boka."

Mushe ya ji kunya ta sauko masa har wuya. Ya kama hannun likitan da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya shiga ba shi haƙuri da murya ƙasa-ƙasa, yana girgiza kai a hankali. Likitan ya rasa abin da zai yi, shi ma ya sunkuyar da kai, ya dafa kafaɗar malaminsa. Sun jima a haka. Da aka zo maganar Isaka, likitan ya ce aiki ne mai sauƙi, irin wanda yake yi kafin ya karya kumallo, amma ba a barinsa, domin hanji ya fara leƙowa inda bai kamata ba, in ya shaƙe kuwa labari ya canza.

Ƙofar ɗakin marasa lafiya a buɗe take. Gadon Isaka shi ne na biyu daga ƙofa, kuma tsohon sirbeyan bai taɓa daina lura da abin da ke faruwa a baranda ba.

Yana kishingiɗe da singileti, ƙaton mutum mai furfura a ƙirji. Matarsa Kadi na zaune a tabarma gefen gado tana yi masa fifita. Da ya ga Ɗahiru ya shigo, fuskarsa ta washe kamar an kunna fitila.

"Kadi, ɓoye kular abinci, bawana ya zo. Wa ya bar Bagobiri ya shigo nan? Mutane na fama da kansu, a ƙara musu da fuskar da kaji suka yi tono a kai."

Wani tsoho mai karyayyar ƙafa a gado na uku ya gyara kwanciya don ya ji da kyau.

Amsa ta zo wa Mushe nan take, guda biyu ma, suna turereniya a maƙogwaro. Ya haɗiye su a jere. Ya matso, ya ajiye leda a kan ƙaramin teburi, ya kama hannun Isaka.

"Sannu, ɗan'uwana Isaka. Yaya jikin? Allah ya sa kaffara ce."

Isaka ya dubi hannun. Ya dubi ledar.

"Mene ne wannan?"

"Tuffa ce da ayaba."

"Ka sato?"

"Na saya."

"Da kuɗinka?"

"Ba yawa. Ka samu ka ɗan taɓa."

Kadi ta daina fifita. A duk kwanciyar da Isaka ya taɓa yi, Ɗahiru hannu rabbana yake zuwa, ya cinye abincin majinyaci, ya kushe gishirin, ya tafi da sauran a leda.

Isaka ya sake gwadawa, kamar mai tayar da babur da ya ƙi tashi. Ya ce Gobirawa ba su san kogi ba sai a hoto. Ya ce an ce a Tibirin Gobir in jaki ya yi kuka sai a amsa masa sallama. Ya ce zanen fuskar Ɗahiru lissafin iyayen gijin da suka sayar da shi ne. Mushe ya karɓi kowace da murmushi da gyaɗa kai, yana jin wani sanyi na nasara yana ratsa shi. Yana ganin tubali na hawa bisa tubali. Muryar Isaka kuwa tana ta raguwa.

"Me likita ya ce maka a waje?"

"Alheri ne kawai. Ka kwantar da hankalinka. Komai na hannun Allah."

"Kun daɗe."

"Tsohon ɗalibina ne."

"Na ga kana girgiza kai."

"Wata magana ce daban."

Mushe ya ga lokaci ya yi da zai ɗora tubalin ƙarshe, wanda ya shirya tun a taksi. Ya gyara murya.

"Isaka, mun daɗe tare. Na faɗa maka maganganu da yawa waɗanda ba su dace ba. Rai ba a bakin komai yake ba. Ina roƙonka ka yafe mini, duniya da lahira."

Tsoho mai karyayyar ƙafa ya ce, "Allahu akbar," a hankali, ya juya fuskarsa bango.

Isaka ya dubi silin. Sannan ya ce, "Na yafe."

Mushe ya fito asibiti yana jin kansa sakayau. Ya yi sallar azahar a masallacin bakin titi, ya tsaya a fadar shan shayi ta wasu tsofaffin abokan aiki a Kalley, ya sha shayi na farko da na biyu, ya ba su labarin yadda mutum ke iya cin nasara a kan harshensa ko da a gaban taubashinsa. Bai ce shi ne mutumin ba. Ya dai bar ƙofa a buɗe ga mai son ganewa. Ana zuba na uku wayarsa ta yi ƙara. Hajiya Zuwera ce.

"Malam, me ka yi wa Isaka?"

"Na gaishe shi."

"To ya cire ƙarin ruwa da hannunsa. Ya sa rigarsa. Ya ce ba wanda zai yanka shi, a kai shi Goudel ya mutu yana jin ƙamshin kogi. Kadi na kuka a waya, da ƙyar na gane abin da take faɗi."

"Wa ya ce zai mutu?"

"Kai."

"Ban ce ba."

"Ka kai masa tuffa, Malam."

Ya bar shayin a kofi.

Ya tarar da Isaka zaune a bakin gado da babbar riga da hula, takalma a ƙafa. An naɗe tabarma, an ɗaure buta da bokiti wuri ɗaya. Kadi na tsaye jikin taga, idanunta sun yi ja. Likita Sadiƙ na gaban gadon, da alamar ya faɗi magana ɗaya sau da yawa har ta gaji.

"Baba Isaka, wallahi ƙaba ce kawai."

"Na ji, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Ku likitoci haka kuke, ba laifinku ba ne. Majinyaci ku ce masa ƙaba ce, ɗan'uwansa ku ja shi baranda." Ya nuna Ɗahiru da haɓa. "Wannan mutumin na san shi tun kafin a haife ka. Ranar aurena ya ce wa Kadi har yanzu da sauran lokaci, ta gudu. Da na yi hatsari da babur ya zo ya tambayi lafiyar babur. Yau ya ce mini ɗan'uwana. Ya nemi gafara. Kai da ka yi karatu, gaya mini, wane ciwo ne ke sa Bagobiri ya sayi tuffa?"

Likitan ya dubi ledar tuffar. Ba a koya musu wannan ba. Ya ja Mushe gefe, ya tuna abin da hirar baranda ta jawo, ya sake shi da sauri ya yi maganar a gaban kowa.

"Mushe, in ya tafi gida hanjin nan ya shaƙe, kafin a dawo da shi daga Goudel ban san abin da zan tarar ba. Ni na yi iyakar nawa." Ya fita.

Mushe ya jawo kujera ya zauna. Ya yi abin da ya iya, wato bayani. Ya fara daga walima, da alƙali, da kabewa. Ya ce mutum ba dutse ba ne. Ya ce akwai bambanci tsakanin abin da aka haife ka da shi da abin da ka saba. Ya kawo misalin tubali. Ya ce tun bayan ƙaramar salla bai zagi ko kuda ba, a tambayi liman, a tambayi mai kawo ruwa. Bayani ne mai kyau, mai gabatarwa da gundarin magana da kammalawa. Da ɗalibi ne ya rubuta shi da ya ba shi maki mai yawa, ko da yake ba zai gaya masa ba.

Isaka ya saurara har ƙarshe, cikin haƙurin da bai taɓa nunawa ba.

"Ka yi ƙoƙari," ya ce. "Kun zauna da likita kun shirya ta da kyau. Amma da kun tambaye ni da na ba ku wata ƙaryar da ta fi wannan. Ku ce mini kogi ya juya yana komawa Mali, zan duba. Amma Bagobiri ya gyaru?"

"Wallahi gaskiya nake faɗa maka."

"Kar ka yi rantsuwa saboda ni, ka ɗauki zunubi." Ya miƙo hannu ya dafa gwiwar Mushe. "Ɗahiru."

Mushe bai taɓa jin sunansa a bakin Isaka ba. Bawana, ya sani. Mai fuskar allo, ya sani. Ɗahiru kuwa, a wannan murya mai laushi, ya yi kama da sunan wani da aka rubuta a jikin allon makabarta.

"Ɗahiru, kai mutumin kirki ne. Ban taɓa gaya maka ba. Injin ban-ruwa na lambu, na bar maka. Na san ba ka da lambu, ka sayar ko ka ba wani. Mangwaron da ke bakin ruwa, in ya yi 'ya'ya, a riƙa kai wa Hajiya. Ka riƙa leƙa Kadi. Ni ma ka yafe mini."

Kadi ta toshe baki da mayafi.

Mushe ya zauna yana kallon abokinsa. A karo na farko ya ji yadda kirki yake in an sauke wa mutum shi ba shiri, nauyinsa, da sanyinsa, da ƙamshin turaren gawa da ke tashi daga jikinsa. Da safe shi ya sauke wa Isaka irin wannan kaya, ya fita yana yaba wa kansa.

Ya duba ginin da ya yi watanni yana yi. Gini ne mai kyau. Liman ya yaba. Ya duba Isaka, wanda ke laluben sandarsa zai miƙe, hannu ɗaya a mararsa.

Kular abinci na nan ƙarƙashin gado, ba a taɓa ta ba. Mushe ya sunkuya ya jawo ta. Ya buɗe. Dambu ne da kopto, kwaɗon zogalen nan da Zabarmawa ke ji da shi kamar gadon sarauta. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya kai loma. Ya tauna a hankali.

"Kadi," ya ce, "gishiri ya yi tsada a Goudel ne, ko hawayenki kika dogara da su?"

Kadi ta sauke mayafin.

Ya kai loma ta biyu, ya nuna Isaka da hannun da ke da mai.

"Kai kuma zauna, kafin kayan cikinka su zubo mana a ƙasa a ce mu kwashe. Mutuwa? Kai? Mutuwa tana da aji. Tana ɗaukar sarakuna da malamai, ta ɗauki uwata. Me za ta yi da Bazabarmen da ya tsufa yana kaɗa ƙarfe yana bin yara a guje? In ta zo Goudel akuyarka za ta ɗauka, ta fi ka nama, ta fi ka hankali. Injin ban-ruwa wai. Injin da sai an yi masa kiran salla kafin ya tashi, shi za ka bar mini? Bawa ma yana da gado ne? Kai da injin da mangwaron duk nawa ne tun asali, ina bar maka ne kana gadi."

Tsoho mai karyayyar ƙafa ya juyo daga bango.

Isaka bai zauna ba, bai kuma miƙe gaba ɗaya ba. Ya tsaya a tsakiya, ya ƙanƙance ido, yana binciken fuskar Ɗahiru kamar yadda yake binciken takardar izinin da yaro ya sa wa hannu da kansa.

"Wannan ma likita ne ya ce ka yi."

"Likitan da ni na ce in ya zama likita zan koma wurin boka? Shi zai koya mini magana?"

"To me ya ce maka a baranda?"

"Ya ce aikin ba wuya. Matsala ɗaya ce ta hana shi barci. Ya duba hoton cikinka ya rasa inda ƙabar ta ƙare, inda Bazabarme ya fara. Yana tsoron ya yanke ka ya jefar, ya sallami ƙabar ta koma wa Kadi. Na ce masa kar ya damu, ba za ta lura ba. In ta lura ma godiya za ta yi."

Dariya ta ƙwace wa Kadi, da hawaye da majina gaba ɗaya. Tsohon gado na uku ya riƙe ƙafarsa yana roƙon a yi masa rai.

Isaka ya koma ya zauna a hankali. Ya cire hula ya ajiye a kan matashi. Ya jima yana kallon loma na tafiya daga kularsa zuwa bakin Ɗahiru.

"Kadi," ya ce, "kin ga abin da nake gaya miki. Ka ba bawa fuska, ya ci abincinka a gabanka. Karɓe kular nan kafin ya lashe har fentin."

"Sauran zan kai wa Hajiya," in ji Mushe.

"Hajiya baiwar Allah. Shekara nawa tana farkawa ta ga wannan fuskar, ba ta taɓa ihu ba. Aljanna ce kawai sakamakonta." Ya jawo kular, ya kai loma, ya yi magana da abinci a baki. "To tuffar fa? Gaya mini gaskiya."

"Ruɓaɓɓu ne. Mai kayan za ta zubar, na ce ina da wanda ya dace da su."

Isaka ya gyaɗa kai, hankalinsa ya kwanta sarai. Ya tura takalma ƙarƙashin gado da ƙafa. Kadi ta kwance bokiti da buta, ta shimfiɗa tabarma, ta fita kiran mai mayar da ƙarin ruwa.

Da la'asar ta yi Mushe ya miƙe, ya wanke hannu a bokitin majinyaci, ya goge da tawul ɗin majinyaci. Ya ɗauki ledar tuffa da ayaba ya rataya a hannu. Isaka na kwance, allura a jijiya, ido a lumshe.

"Bawana."

"Me kuma?"

"Da sassafe za su shiga da ni. Ka zo kafin nan." Bai buɗe ido ba. "Kar ka zo da komai."

"Zan zo in ga ko sun jefar da daidai."

A baranda ya ci karo da likita Sadiƙ, wanda ya leƙa ɗakin ya ga komai ya koma wurinsa.

"Mushe, me ka ba shi?"

"Abin da ba ku da shi a kantinku. Kai dai gobe ka wanke hannu, ka tuna dama da hagu. Ban manta da takardunka ba."

Likitan ya yi murmushi har kunne, kamar wanda aka ba lambar yabo, ya raka shi har bakin ƙofa.

Taksin da ya samu zuwa Banifandou ya fi na safe tsufa. An cusa su huɗu a baya, wata mata ta ɗora masa kwandon kifi a gwiwa ba tare da ta tambaya ba. Mushe ya rungume ledar tuffarsa yana tunanin abin da zai gaya wa Hajiya Zuwera, da liman, da mai kawo ruwa. Wataƙila ya ce ginin na nan, taga kawai aka fasa masa ta ɓangaren kogi. Ya ga maganar ta yi kyau. Ya kuma san Hajiya ba za ta ɗago kai daga abin da take yi ba.

A mashigar unguwa motar ta faɗa ramin nan na safe. Kansa ya bugi rufi, hula ta zamo kan hanci, ruwan kifi ya tsiyaya a rigarsa. Zagi ya taso, sabo fil, wanda bai taɓa yin irinsa ba, mai jaki a ciki da kogi da kakanni bakwai. Ya buɗe baki. Direban ya ɗago ido a madubi yana jira.

Mushe ya auna zagin, ya ga ya fi ƙarfin direban taksi. Gobe da sassafe akwai mai buƙatarsa.

"Allah ya kiyaye hanya, ɗana," ya ce, ya gyara hularsa.